Gaisuwa a Bayan Zana

Talata, da hantsi

Hansai ce ke rubuta mini wannan, maƙwabciyata a nan Bukoki, wadda ta yi aikin buga takardu a kamfani kafin a rage mutane a sallamo ta. Ni kuwa ni ce Kande mai fura ta tashar Arlit. Ban yi lakkol ba, ban iya karatu da rubutu ba. Hansai, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki.

Ba don daɗi nake wannan ba. Wani sabon jandarma ne da aka turo daga Yamai, Fatahu, ya aiko wai duk abin da ya faɗo mini a rai game da ranar nan in sa a rubuta, amma mai rubutun kada ta tambaye ni komai. Kin ji ko? Kada ki tambaya.

Ga abin da kowa ya sani. Ran wata Alhamis da azahar, ana haɗa ayarin motocin da soja ke rakawa Agadas, wasu masu rawani suka ƙwace mota a hannun Zayyadu direba, suka harbe shi, suka yi arewa. Wasu sun ce su biyu ne, wasu sun ce uku. Zayyadu mai shan furata ba sikari. Allah ya jiƙansa. Rumfata ce ta fi kusa da wurin.

Kafin la'asar aka kama mijin Sa'a, autata, a bayan kasuwa, yana gudu ba takalmi, ƙafa duk jini. Ba'abzine ne, kuma yana cikin waɗanda kamfani ya sallama. A zamanin nan waɗannan biyun kaɗai sun ishi mutum laifi. Aka ce shi ne na ukun, mota ta tashi ta bar shi.

Ajida, wani babba a birgadi, ofishin jandarmomi, shi ne ya fara kirana. Ya ce, "Tsohuwa, yana wurin ko ba ya wurin?"

Na ce yana wurin, don na ji gyaran muryarsa a bayan zana.

"To kin gan shi ke nan."

Na ce ni ba na ganinsa.

"Yana wurin amma ba ki ganinsa? Aljani ne?"

Sai ya faɗi sunansa gatsau, wai in maimaita. Sunan surukina! A bakina! Na ja mayafi na rufe fuska. Ya ce ai ga shi nan, tsohuwa ta san abin da take ɓoyewa. Ya kama yatsana ya dangwala a takarda. Daga baya na ji wai takardar ta ce na gan shi tare da su.

In ayari na gaba ya tashi, da shi za a tafi. Waɗanda aka kai can, to. Rubuta "to" kawai.

Laraba, bayan la'asar

Na je wurin Fatahun. Na shirya wa tsawa, sai ya ba ni kujera da ruwa mai sanyi. Ya ce, "Inna, ƴar ina ce?" Na ce Mirriya. Muka yi ta zancen tsamiya da lambu kamar na zo biki. Ni duk na ƙosa. Na ce ɗan nan, in yanka ni za ka yi, ka daina wasa wuƙa a gabana.

Ya yi dariya. Ya ce abu uku yake roƙo. Kada in yi cinta. In ban sani ba in ce ban sani ba, ba laifi ba ne. Kuma kome ƙanƙantar abu in faɗa, ko kukan akuya ne.

Sai ya ce in rufe ido.

Na ce a birgadi? Ai ko a gidana da ido ɗaya nake barci yanzu.

Na dai rufe. "Inna, koma rumfarki. Rana tana ina? Me hannunki ke yi? Me kike shaƙa?" Na ce ina shaƙar gumin jandarma. Bai ce uffan ba. Mutumin nan ya iya shiru, Hansai, shirun da ke sa bakinka ya buɗe da kansa. Na ce ina dama fura, da madarar gari, tunda fari ya cinye nono. Na ji gyaran murya, na juya na fuskanci bangon gareji na ja mayafi, kamar kullum. Daga nan sai ƙara. Sai ƙwaryata a kife.

"Tsakanin gyaran muryar da ƙarar fa?"

Na ce babu komai.

Ya ce shi ke nan na yau. Ya ce in daina zancen da ƴan unguwa. Wai abin da mutum ya tuna kamar sawu ne a bakin rijiya, duk wanda ya zo dubawa sai ya taka shi ya bar nasa. Na ce to ai ajidanku ya riga ya bi ta kai da garken raƙuma. Ya yi kamar bai ji ba.

Juma'a, da safe

Ba ruwa a famfo. Sa'a ta wuce da kwanon abincin mijinta, ko kallon ƙofata ba ta yi ba.

Asabar, da azahar

An ce kada in yi zance da kowa. A Bukoki! Inda in ka yi tusa a ɗakinka maƙwabci ke ce maka sannu.

Tata mai ƙosai ta shigo wai aron rariya. Ta zauna ta miƙe ƙafa. "Ke Kande, ai ni a idona aka yi. Dogo ne, idanu jajur, da tabo nan a kunci. Shi ya ɗaga bindigar."

Na ce ke da kike can ƙofar kasuwa, da rawani a fuskarsa, ta ina kika ga kunci?

"Rawanin ya zame. Ke ma kin gani, tsoro ne ya hana ki faɗa. Surukinki ba shi da tabo?"

Me zan ce mata? Ban sani ba! Tun ranar da aka ɗaura auren nan ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Shi ma in zai zo gaishe ni sai ya ja rawani har ƙarƙashin ido, haka al'adarsu take, tasu kunyar ma ta fi tamu. Duk Alhamis yana zuwa tasha, ya tsaya bayan zana, ya gyara murya don in kimtsa. Da can da cuku yake zuwa. Da dabbobin danginsa suka ƙare, sai ya riƙa zuwa hannu wofi, amma bai taɓa fashi ba. Na san muryarsa, na san tarinsa. In na haɗu da shi a kasuwa bai yi magana ba, wallahi sai in wuce shi.

Tata ta tafi, rariyar ma ba ta ɗauka ba.

Lahadi, bayan magariba

Hansai, ina ganinsa. Da na rufe ido sai in ga dogon mutum, rawani ya zame, ga tabo daga nan zuwa nan. Ina salla ma yana tsaye.

Litinin, da hantsi ya yi zafi

Na je na gaya wa Fatahu. Na ce ka huta, na tuna, na ga fuskarsa, da tabo. Ina faɗa ina kuka, don na san abin da nake yi wa ƴata.

Na zaci zai yi murna. Sai ya ajiye bik ɗin da yake rubutu da shi.

"Inna, yaushe kika fara ganin tabon?"

Na ce jiya.

"Kafin jiya, wa ya yi miki zancen tabo?"

Na tuna da Tata mai ƙosai.

"Ranar nan ina fuskarki take kallo?"

Na ce bango.

"Bango yana da madubi?"

Kai, raina ya ɓaci! Na ce ku mutanen nan me kuke so da ni? Na ce ban gani ba, wancan ya ce ƙarya nake. Na ce na gani, kai ka ce ƙarya nake. Ya ce a'a, ba ƙarya nake ba, da gaske ina ganin tabon, amma ba idona ne ya kawo shi ba, kunnena ne. Wai haka kan ɗan Adam yake, ba ya son rami, duk abin da aka miƙo masa sai ya cusa ya toshe. Na ce to kaina ya zama bangon Bukoki ke nan, kwali da langa-langa da tsumma.

Bai bar ni ba. Wai in ɗauka ni ce mai facin taya da ke tsallaken hanya, me zan hango a rumfar Kande? Na ce ni mace ce, da girmana, ban taɓa facin taya ba, kuma ba ni da iskokin da za su kai ni cikin jikin wani. Matan unguwa ma sun sa masa suna, boka mai kaki. Na tashi na yi tafiyata.

Talata

Ajiye bik ɗin. Yau ba ni da magana.

Laraba, da la'asar

An ce hanya ta buɗe, soja sun iso daga Agadas. Ana gyaran motoci.

Jikana Almu ya leƙo ta katanga, uwarsa ta daka masa tsawa ya koma. Na dafa tuwo na aika, aka dawo mini da shi da murfinsa yadda yake.

Fatahu ya aiko wai gobe in zo tasha da azahar, da ƙwaryata da ludayina da fura. Tun ranar nan ban taka wurin ba. Wa zai sha fura inda jini ya zuba?

Alhamis, bayan la'asar

Zauna sosai, yau da magana.

Rumfar tana nan, iska ta tara rairayi a gindin zana, rufin ya karkace. Fatahu ya zo ba kaki, ya kori masu kallo. Ya ce in zauna inda na saba, in dama fura da gaske. Na dama. Rana ta tsaya a ka, ƙamshin citta da kanumfari ya taso, ga warin man mota daga gareji, ga ƙuda.

Ya ce, "Inna, yau daga ƙarshe za mu faro. Ki ba ni labarin da baya da baya."

Na ce labari ba jaki ba ne da za a ja shi ta wutsiya.

"Gwada dai. Mene ne na ƙarshe?"

Na ce ƙwarya a kife, fura na bin ƙafata.

"Kafin nan?"

Ludayi ya kuɓuce mini.

"Kafin nan?"

Ƙarar. Ta nan, hannun dama, wajen motoci.

"Kafin ƙarar, dab da ita, me kike yi?"

Na buɗe baki zan ce babu komai, sai na ji bakina ya ce, "Lafiya lau."

Fatahu bai motsa ba. Ni kaina na tambayi kaina, wa nake ce wa lafiya lau? Gaisuwa nake amsawa! Muryar tana nan bayan zana, hannun hagu, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya durƙusa. Kin san gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Ina gajiya, ina zafi, ina jiki, ina kasuwa, ya ƙafar nan da ke damunki. Da Hausarsa ta Abzinawa, yana ce mini "kana lafiya, Inna". Yana cikin tambayar ƙafata ƙarar ta tashi. Bai ma rufe baki ba. Na ji ya ce "Bismillahi!" da ƙarfi, zana ta girgiza.

Mutum zai durƙusa a hagu yana tambayar ƙafar surukarsa, kuma ya yi harbi a dama?

Na ce wa Fatahu, me ya sa ban tuna ba tun farko? Ya ce don kowa tambayata yake me na gani, me ya faru. Gaisuwa kuwa ba wanda ke lissafa ta cikin abin da ya faru, kamar numfashi ce.

Sai ya ce, "Shi ma abin da ya faɗa ke nan tun ranar da aka kama shi. Ya ce gaishe ki yake."

Na ce ka sani? Ka sani ka bar ni ina ta haukata, ƴata ta daina yi mini magana?

"Da na gaya miki, Inna, maganata za ki tuna, ba taki ba."

Da ludayin nan na so in kwaɗa masa. Allah ya taimake shi furar ta yi kauri.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Tir. Murna ta koma ciki.

Ajida ya ce tsohuwa ta canja baki sau uku, yanzu kuma ta zo da tatsuniya don ta ceci uban jikokinta. Wannan ban damu ba, halinsa ne. Amma Fatahu da kansa ya ce akwai gyara. Wai tunda duk Alhamis ake gaisuwar nan, iri ɗaya, yana yiwuwa ta wata Alhamis ce kaina ya ɗauko ya liƙa a wannan. Wai shi ya yarda da ni, amma kumanda, shugabansu, zai so abin da hannu ke taɓawa.

Na ce to in kwashe muryar in zuba masa a ƙwarya?

Abin haushin, Hansai, ni ma yanzu na fara shakka. Tabon da ba a yi ba na gan shi ƙuru-ƙuru. To wannan fa? Mutum ya kai shekaruna a ce kansa ma ba abin yarda ba ne.

Ayari zai tashi Litinin.

Asabar, da sassafe

Tsaya! Kada ki zauna. Koma bakin ƙofa ki sake cire takalmanki yadda kika yi yanzu.

Kin ji? Fat, fat.

Haka nake ji kullum kafin ya durƙusa. Gyaran murya, sannan fat, fat. Ba ya gaishe ni da takalmi a ƙafa. Ranar ma na ji. Shi ya sa aka kama shi ba takalmi! Ajida ya ce wai a gudun laifi ya zubar da su. Ɗauko mini mayafina.

Asabar, da la'asar

Fatahu bai bari na taɓa wurin ba. Sai da ya fara shiga wurin shi wanda ake tsare da shi, bai gaya masa komai ba, ya ce ya kwatanta masa takalmansa. Ya ce masu faɗin nan ne na Agadas, jajaye, an ɗaure maɗaurin na hagu da wayar lantarki. Shi kansa bai san inda ya bar su ba, wai tun daga ƙarar bai san komai ba sai da ya ji an danne shi.

Sannan aka zo da ajida da kumanda, da mai unguwa. Aka sa mai facin tayan nan ya tone rairayin bayan zana. Ya tona, ya tona, sai gwangwani, sai ƙashin akuya. Ajida yana ta duba agogo. Na ce a matsa hagu, daidai inda zana ta ɓarke.

Suna nan. Biyu, a jere, kai da kai, bakinsu na kallon rumfata. Wanda ya zubar da takalmi a guje ba ya jera su.

Sa'a tana cikin masu kallo. Ba ta ce mini komai ba. Amma da za mu dawo ita ta ɗauki ƙwaryata.

Litinin, da azahar

Na zaci an gama. Ina! Wai sai an soke takardar farko, kuma sai na tsaya gaban surukina na dube shi na faɗi sunansa, na ce wannan ne na ji yana gaishe ni. Na ce Fatahu, kai ɗan Hausa ne, ka san abin da kake nema? Ya ce, "Na sani, Inna. Motocin suna bakin hanya."

Aka shigo da shi. Sun karɓe masa rawani, Hansai. Kansa a buɗe, bakinsa a buɗe, gaban surukarsa. Ya sa hannu biyu ya rufe baki, yana kallon ƙasa. Ni ma ƙasa nake kallo. Kumanda ya ce, "To ku biyun wa zai fara, ko in kira limami?"

Na ɗaga ido.

Gajere ne. Ba tabo ko na ƙwayar gero. Furfura a gemu, kunnuwa manya. Fuskar Almu ce sak, in Allah ya ba yaron tsawon rai. Duk shekarun nan ina wanke fuskar nan kowace safiya ban san ta wa ba ce. Dogon nan mai tabo da ya hana ni salla, na neme shi na rasa.

Na faɗi sunan. Sau ɗaya. Kumanda ya ce bai ji ba, Fatahu ya ce shi ya ji.

Kin san sunan, ke. Kada ki rubuta.

Ayari ya tashi da hantsi. Na tsaya sai da na ga ƙurar motar ƙarshe. Wai kuma ba za a sake shi yau ba, mai sa hannu ya tafi cin abinci. Waɗanda suka kashe Zayyadu kuwa, ba wanda ya ƙara zancensu. Matarsa ta koma Tawa da ƴaƴa.

Talata

Mai sa hannu ba shi da lafiya.

Laraba

Ba kuran, an ɗauke wuta, wai na'urar buga takarda ba ta tashi. Hansai, ke da kika iya, ki je ki buga musu da hannu mana.

Alhamis, da azahar

Ban fita tasha ba, ƙafar ta kumbura. Muna nan zaune da ke kika ji abin da na ji, amma rubuta.

Gyaran murya a bayan katanga. Sannan shiru, don takalman suna birgadi, wai shaida ne. Na juya na fuskanci bango, na ja mayafi. Ina gajiya, ina zafi, ina jiki. Ya ce, "Ya ƙafar nan, Inna?" Daidai inda aka katse mu.

Na ce lafiya lau.

Bai ce komai a kan ranar Litinin ba, ni ma ban ce ba, kuma ba za mu ce ba har kabari. Sai dai yanzu ko bango nake kallo ina ganin kunnuwan nan nasa. Wannan kam ba Tata ce ta ba ni ba.

Ki ce wa Sa'a ta zo ta ɗauki fura ta kai masa, kada ta sa sikari da yawa. Na gaji, Hansai.

Ni Hansai nake ƙara wannan: ta jingina da bango. Na ajiye bik, na tafi kiran Sa'a.